Malamin lissafina yana jan Adaidaita da dare, in sallame shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina da makarantar firamare mai zaman kanta a nan Kano, shekararta 9 da buɗewa. Mu 19 ne, da ni da malamai da mai gadi da mai shara. A zangon karatun nan abubuwa uku suka haɗe mini. Malamin lissafi na aji biyar da shida, wanda da shi muka buɗe makarantar, sau biyu ina leƙa aji ina tarar da shi ya kifa kai a tebur yana barci, yara suna ta surutu. Da na bincika sai aka ce mini Adaidaita Sahu yake ja daga la'asar har dare. Sai wata malama da na gano tana bin gidajen ɗalibanmu tana yi musu lesin, iyaye suna biyanta ba da sanina ba. Ga kuma sakatariyata, kullum kanta yana kan waya, atamfa da turaren wuta take sayarwa a WhatsApp, har masu karɓar kaya suna sallama a ƙofar ofishina. Albashinsu daga naira 35,000 ne zuwa 45,000, kuma ban taɓa wuce biyar ga wata ban biya ba. Maigidana ya ce in fitar da takarda in hana kowa yin wani aiki, wanda bai yarda ba ga hanya nan. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma kuma ba zan zuba ido makarantar ta lalace ba. Ina mafita?

Wata mai makaranta, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa makaranta albarka. A gaida Alhaji, a kuma ba shi haƙuri, don zan saɓa masa. Takardar nan da ya ce ki fitar, ni na taɓa rubuta irinta da hannuna.

Lokacin ina ofishin kula da ma'aikata na wata masaƙa a nan Kano, 'yan shekaru bayan gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP na yi wa tattalin arziki garambawul a 1986. Naira ta faɗi, albashi ya tsaya cik, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi. Sai ma'aikatanmu suka bazama. Mai babur ya shiga acaɓa, mai keken ɗinki ya kafa shi a zaure, wasu kuma in sun tashi daga aikin dare sai su zarce Kantin Kwari dillanci. Manaja ya kira ni ya ce a hana. Na buga takarda a tafireta, aka liƙa a bakin get. Ko mutum ɗaya bai daina ba. Da can mun san masu acaɓa, in shugaban sashe ya ga idon mutum ya yi ja sai ya sauya masa lokacin aiki. Bayan takardar kowa ya koyi ƙarya, abokan aiki suna rufa wa juna asiri. Ba a yi wata huɗu ba, wani yaro, ango ne ma, gyangyaɗi ya ɗebe shi a gaban inji wajen ƙarfe uku na dare, injin ya tafi da yatsu uku na hannunsa na dama. Ni na kai shi asibiti. A cikin mota, hannun a naɗe da tsumma, jini yana ɗiga a tafin takalmina, abin da yake ta roƙona shi ne kada in gaya wa manaja cewa acaɓa ya wuni yana yi.

Don haka ajiye maganar takardar nan tukuna, ki ɗauko biro mu yi lissafi. A ce malamin nan yana kashe naira 800 kullum kuɗin mota zuwa da dawowa. Kwana 22 ya tashi 17,600. Cire daga 45,000, saura 27,400. Raba wa kwana 30, bai kai naira dubu ɗaya a rana ba. A ciki zai yi cefane, ya tara kuɗin haya, ya sayi omo da sabulu, ya kai yaro kemis in zazzaɓi ya tashi. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Mafi ƙarancin albashin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kanki ba, tunda ta ware wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ku kuwa 19 ne. Sai dai 'Yankaba da Singa, kasuwanninmu na kayan abinci, ba su san da wannan rangwamen ba. Mai mudu ba ya tambayar mutum ku nawa ne a wurin aikinku kafin ya faɗi kuɗin garin masara.

Ba zarginki nake yi ba. Na san kuɗin makarantar ma da kyar iyaye suke biya, wani sai ana gobe jarrabawa zai zo da rabi yana ba da haƙuri. Amma wanda ba ya iya ciyar da mutum wata guda cur, bai kamata ya ce wa mutumin ya zauna ya naɗe hannu daga azahar har wayewar gari ba.

Ni abin ma har dariya yake ba ni in na ji ana maganar aiki na biyu kamar wani sabon abu ne da ya shigo da wayar hannu. Yaushe Bahaushe ya taɓa tsayawa a sana'a ɗaya? Maƙeri da damina manomi ne, malamin allo yana ɗinkin hula almajirai suna biya karatu, in an yi girbi samari su tafi cin rani. Yaron shago a Kwari yana ɗan dillancinsa a gefe, maigida yana gani ya kau da kai, don ya san da haka yaron zai haɗa abin da zai tsaya da ƙafarsa ranar da aka yaye shi. Albashin wata shi ne baƙo a cikinmu.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan. Sun raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai irin tela da marini, wanda kowa ke kai wa aiki, ba ruwanka da yadda ya raba lokacinsa in dai ya gama maka naka. Akwai kuma wanda aka ɗauka a kan lokaci, kamar ma'aikatanki. Shi wannan, sa'o'in da aka yi yarjejeniya a kansu ba nasa ba ne, ya sayar. Daga bakwai da rabi na safe zuwa biyun rana, ko yadda tsarinku yake, hakkinki ne da hakkin yaran mutane, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da an kaɗa ƙararrawar tashi kuwa, ragowar yinin nasa ne da iyalinsa. Da wannan ma'aunin za ki auna mutanen nan uku, kuma za ki ga ba laifi ɗaya suka yi ba, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Ta sakatariya mai sauƙi ce. Ba ruwanki da atamfarta, Allah ya ba da kasuwa. Waya ta shiga jaka sai lokacin tara da bayan an tashi, masu karɓar kaya kuma su same ta a gida ko a bakin get bayan ƙarfe biyu. Magana ce ta minti biyar. Makaranta wurin yara ce, bai dace baƙin da ba a san su ba su riƙa ratsa harabarta ba, wannan dalilin kaɗai ya isa.

Malamin lissafi kuwa, ki kira shi shi kaɗai bayan an tashi, ba a taron malamai ba, ba a gaban sakatariya ba. Mutumin da ya yi shekara 9 tare da ke ya wuce a yi masa tonon silili. Kada ki fara da cewa an gaya miki. Ki ce, “Malam, na san halin da ake ciki, kuma neman halak ba abin kunya ba ne. Ƙarfe nawa kake ajiye mashin?” Sannan ki tambaye shi nasa ne ko balas yake kaiwa. Amsar nan tana da muhimmanci. In na wani ne, sai ya fara haɗa kuɗin mai mashin da kuɗin mai kafin ko sisi ya zama nasa, shi kuma da la'asar ya fito, lokacin da sauran direbobi sun riga sun haɗa nasu. Abin da ke kai shi tsakar dare ke nan. Ba taurin kai ba ne.

Bayan kin saurare shi, ki faɗa masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Barci a aji ba abin da za ki lamunta ba ne. Yara talatin 'yan shekara goma ba mai kallonsu, in wani ya tsokane wa wani ido da biro, ke iyaye za su nema. Kuma idon da ya rufe a kan tebur zai iya rufewa a kan titin Zariya da fasinja a baya. Ku yanke lokacin da zai riƙa ajiye mashin a daren da gobe akwai makaranta, daren da gobe babu makaranta kuma ya yi yadda ya ga dama. In aka sake samunsa yana barci bayan wannan zaman, sai gargaɗi a rubuce, kuma ki gaya masa haka tun yanzu don kada ya ce an yi masa ba-zata.

Ga kuma wata dabara da ke gabanki ba ki gani ba. Iyaye nawa ne a makarantarki suke biyan mai Adaidaita duk wata don ya kawo yara ya mayar da su? Da yawansu ba su san ko gidan direban ba. Ga malamin da suka sani, ya san yaran da sunayensu. Ki haɗa shi da gida huɗu ko biyar da ke kan hanyarsa, ya ɗebo su da safe ya iso kafin a yi layi, in an tashi ya mayar da su. Kuɗi ne tsayayye a ƙarshen wata, kuɗin motarsa na zuwa aiki ya huta, kuma zai iya rage yawon dare. Sharaɗi ɗaya, kada in ga an cusa yara goma a mashin ɗaya, wasu a bayan kujera kamar buhunan albasa.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, ko da yake a wasiƙarki kin fi jin zafin mai barci. Malamar lesin ba ta yi gyangyaɗi ba, ba ta makara ba, wataƙila ma tana cikin masu ƙwazonki. Amma duba yadda abin yake. Yaron da ubansa ke ba ta kuɗi a hannu duk wata, ita ce za ta zauna ta duba takardar jarrabawarsa. Ko waliyyiya ce, ranar da yaron ya ci 38 cikin ɗari hannunta zai yi nauyi wajen rubutawa, don ta san uban zai ce to lesin ɗin me ake yi. Sannan a aji, in ta ga darasi bai shiga ba, me zai sa ta wahalar da kanta ta maimaita, alhali wanda bai gane ba shi ne mai lesin ɗin gobe? Ba na cewa tana yi. Cewa nake an ajiye ta a inda amfaninta da amanarta suke jan igiya ɗaya ta fuska biyu, kuma wanda zai sha wuya shi ne ɗan da ubansa da kyar ya haɗa kuɗin zango. Kada ki manta kuma, lambobin iyayen nan da gidajensu ta hanyar makarantarki ta same su. Makarantu da yawa a unguwanninmu da haka aka haife su: lesin a zaure, sai benci huɗu, sai allon suna, sai ki wayi gari aji uku ya rage saura rabi.

Duk da haka kada ki kira ta maci amana, tunda ba ki taɓa gaya mata an hana ba. In yaran wata makaranta take koyarwa, ba ki da ta cewa. Ɗalibanki kuwa, ki dawo da lesin ɗin cikin makaranta. Yammacin Alhamis da Juma'a, tunda yawancin Islamiyyu ba sa karatu a ranakun, kuɗi sananne da aka rubuta wa iyaye, kaso mafi tsoka na malamin da ya koyar, ɗan abin da ya rage na alli da mai shara. Kowane malami mai so ya shiga, ba ita kaɗai ba. Jarrabawar ƙarshen zango kuma a yi musanya, malamin wani aji ya duba. In ta ƙi wannan ta ce sai dai ta ci gaba da bin gidaje, to a nan ne za ki ce ta zaɓa, don taura biyu ba ta taunuwa.

Ta fuskar doka, babu dokar Nijeriya da ta hana ma'aikacin kamfani ko makaranta mai zaman kanta yin wata sana'a a lokacinsa. Abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ake bi, tare da amanar da ke kan kowane ma'aikaci ta kada ya yi wa mai aikinsa zagon ƙasa. To Hajiya, kin ba su takardar ɗaukar aiki kuwa? Na tambaya ne don na san halinmu, “ka fara ranar Litinin” ita ce takardar. Dokar Ƙwadago, wadda aka yi musamman don leburori da ƙananan ma'aikata irin mai gadinki da mai shara, ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Ta hana a yanki albashi da sunan tara. Ta kuma ce wanda ya kai shekara biyar ana ba shi sanarwar wata guda kafin a sallame shi. Ki ɗauki wannan ma'auni ki yi wa kowa da shi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, kuma “ga hanya nan” ba hujja ba ce da mutum zai so ya tsaya da ita a gaban alƙali.

Saboda haka takarda kam za ki rubuta, amma ba irin ta Alhaji ba. Rabin shafi ya isa. Lokacin aiki na makaranta ne. Ba a amfani da kayan makaranta, ko sunanta, ko lambobin iyaye don harkar kai. Ba a karɓar kuɗi daga iyayen ɗalibai sai ta ofis. Duk mai wata sana'a ya sanar da ke, kuma ki rubuta ƙarara cewa faɗin ba zai jawo wa kowa kora ko ragin albashi ba. Wannan layin na ƙarshe shi ne wanda na rasa a tawa takardar. Ki karanta musu a zaune, ki bar su su yi magana, kowa ya sa hannu, ke ma ki sa.

Ki sa naki alkawarin a ciki. Biyan da kike yi kafin biyar ga wata abin yabo ne, a rubuta shi. Amma bari in yi miki tambayar da ba ki so: kina biyan albashin dogon hutu? Makarantu masu zaman kansu da yawa in an rufe a Yuli sai Satumba malami zai sake ganin kwabo. In kina cikinsu, ke da kanki kika tura su neman wata sana'a, kuma sana'a ba a kunna ta a kashe kamar fitila, mai Adaidaitar da ya ajiye mashin wata tara ba zai same shi yana jiransa a Agusta ba. In ƙarin albashi bai samu ba bana, akwai abin da bai kai shi tsada ba. Ragin kuɗin makaranta ga 'ya'yan malamai. Sayen buhun masara ko shinkafa da kaka a raba, a riƙa cira kaɗan-kaɗan da yardarsu. Ki kuma tambayi kanki, in kin sallami malamin nan, wa za ki samu ya koyar da lissafin aji shida a kan 45,000? Za ki samu, amma shi ma da tasa sana'ar zai zo, sai dai ba za ki san ta ba.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne a Kaduna, mataki na 8. Ina kiwon kaji 200 a bayan gida, ina kuma da rumfar POS a bakin layinmu da nake zama da yamma. Daraktanmu ya ce zai rubuta ni. Yana da wannan ikon? Ai bayan an tashi nake yi.

Wani ma'aikaci, Kaduna

AMSA

Ɗan'uwa, abin da na gaya wa Hajiya a sama bai shafe ka duka ba, don kai hukuncinka daban ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Biyar inda aka jera ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta ƙashin kansa, ko shiga cikin tafiyar da ita. Bai ce sai a lokacin aiki ba, kuma bai tsaya kan manya ba, ya haɗa da duk wanda ke aikin gwamnatin tarayya, jiha ko ƙaramar hukuma. Abu ɗaya ya ware da sunansa, shi ne noma. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ke karɓar ƙorafi, kotunta kuma tana iya raba mutum da kujerarsa, har ta hana shi riƙe muƙami na tsawon da zai kai shekara 10.

Na sani, in za a bi wannan layi-layi, sakatariyar jiha sai ta koma kufai, kuma ban yi mamaki ba in shi daraktan yana da shagon siminti. Amma ranar da aka so kama mutum, ba a tambayar su wa kuma suke yi. Rumfar POS ka damƙa ta ga uwargida ko ƙaninka, damƙawa ta gaske: rajista da sunansa, asusu da sunansa, shi ke zama. Sa jari a harkar wani daban, zama a rumfa kana ƙirga wa mutane kuɗi da katin shaidar ma'aikata a wuya daban.

Kaji kuwa kiwo ne, kiwo kuma ɗan'uwan noma ne. Ko lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta mayar da ranakun aiki huɗu a mako a Disambar 2021, samun lokacin noma yana cikin dalilan da ta bayar. Ka dai tabbata ba a ganinka a kasuwa kana cinikin dusa ƙarfe sha ɗayan safiyar Talata. In darakta ya sake tayar da maganar, ka gaishe shi da ladabi, ka gaya masa rumfa ta koma hannun ƙaninka, ka kuma sanar da shi farashin kiret ɗin ƙwai.